Haƙƙin tashi da jama'arka

A watan Oktoban 2022 Elon Musk ya kammala sayen Twitter a kan dala biliyan 44, kuma kafin shekara ta zagayo dandalin ya koma wani abu dabam. An sallami mafi yawan ma'aikata, shuɗiyar alamar da a da take tabbatar wa mai karatu cewa wane ne da kansa ke magana ta zama hajar sayarwa, an datse manhajojin da wasu na waje suka ƙera don shiga dandalin, irin su Tweetbot da Twitterrific, a watan Janairun 2023 ba tare da gargaɗi ba, sannan a watan Yuli aka cire sunan da tsuntsun baki ɗaya aka kira wurin X. Mutane sun yi ta gardama a kan ko wannan gyara ne ko ɓarna ce, ni kuwa gardamar ba ta ɗauke mini hankali ba kamar yadda wata tambaya ta ɗauke shi: yaya aka yi wurin da 'yan jarida da malamai da 'yan kasuwa da hukumomin agajin gaggawa na ƙasashe da dama suka mayar da shi dandalin haɗuwarsu ya zama abin da mutum guda zai saya da safe ya sauya masa dokoki da yamma? Ko da mai sayen ya kasance mafi adalcin mutane, tambayar tana nan, domin wanda ya saya zai iya sayarwa, kuma magajinsa ba dole ba ne ya gaji halinsa.

Ra'ayina shi ne ainihin cutar manyan kafofin sada zumunta tana cikin rashin hanyar fita. Mutum yakan shafe shekara goma yana rubutu, yana amsa tambayoyi, yana tara mabiya ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga sana'arsa ko sunansa sun dogara a kan wannan taron, amma ranar da ya ga bai gamsu da mai gidan ba sai ya tarar ba zai iya ɗaukar kowa ya tafi da shi ba. Ana iya ba shi kwafin hotunansa da rubuce-rubucensa a cikin wani fayil, sai dai ba a ba shi igiyar da ta haɗa shi da mutanensa, wadda kuwa ita ce dukiyar. Don haka yakan zauna yana gunaguni, abokansa ma suna zaune saboda yana nan, shi kuma yana zaune saboda suna nan. Kamfanin ya san da wannan sarai, shi ya sa yake iya ƙara yawan talla, ya rage wa mutum isa ga mabiyan da da kansu suka zaɓi su bi shi, ya sauya lissafin da ke tantance abin da kowa zai gani, ba ya fargabar kowa zai tashi. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma duk wani asusu a irin waɗannan dandali aro ne komai daɗewarsa a hannunka.

Intanet ba da wannan tsari ta fara ba, kuma shaidar tana hannun kowa. Mai adireshin Gmail yana aika saƙo ga mai adireshin Yahoo ko na wata jami'a, saƙon ya isa ba tare da ɗayansu ya buɗe asusu a gidan ɗan'uwansa ba, saboda tun 1982 aka rubuta ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP aka bar ta a fili, duk wanda ya bi ta ya shiga sahu. Haka nan yanar gizo: Tim Berners-Lee ya tsara ta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janiba a 1989, kuma a ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar ga jama'a kyauta. Da a ce CERN ta riƙe ta tana karɓar kuɗin lasisi, tana zaɓen wanda za ta ba izinin buɗe shafi, da Google da Amazon da Wikipedia da ita kanta Facebook sai sun nemi yardar wani kafin su wanzu. Dukkansu sun tsiro ne a filin da ba shi da mai gadi, amma wasunsu da suka girma sai suka zagaye nasu yankin da katanga.

Abin da ke faranta mini rai a 'yan shekarun nan shi ne yunƙurin mayar da zumunta kan wancan tsohon tsari. A 2016 wani matashi mai rubuta manhaja a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar da Mastodon, manhajar sada zumunta mai kama da Twitter da lambobinta suke a buɗe, wadda kowa zai iya ɗauka ya girka a uwar garkensa, wato babbar kwamfutar da ke ajiye asusun mutane da saƙonninsu. A watan Janairun 2018 kuma ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ActivityPub a matsayin ƙa'idar bai-ɗaya da irin waɗannan uwayen garke, waɗanda zan kira gidaje, za su riƙa magana da juna. Yadda abin yake aiki bai da wuyar fahimta. Sunan mutum yana da kashi biyu kamar adireshin imel, nasa da na gidan da yake. Idan na bi wani da ke wani gidan, gidana zai sanar da nasa, daga nan duk abin da ya wallafa sai gidansa ya turo wa nawa kwafi ya bayyana a gabana, in ba shi amsa ta koma masa ta hanya guda. Babu wata cibiya a tsakiya da saƙon zai bi, saboda haka babu wurin da attajiri zai saya ya ce ya mallaki duka.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga gajerun rubutu ba. PeerTube, wadda ƙungiyar Framasoft ta Faransa ke ɗaukar nauyinta, ta bidiyo ce. Pixelfed ta hotuna ce. Lemmy ta zaurukan tattaunawa ce. Masu shafukan WordPress ma suna iya haɗa shafinsu da ita. Mai asusun Mastodon yana iya bin tashar bidiyo a PeerTube ya yi mata sharhi daga inda yake zaune, abin da zai yi daidai da a ce mai asusun X ya bi tashar YouTube kai tsaye ba tare da ya taɓa shiga YouTube ba. Mafi muhimmanci a wurina, mai asusun Mastodon yana iya ƙaura daga wannan gida zuwa wancan, tsarin ya kwashe mabiyansa ya kai masa su sabon adireshi. Na taɓa yin irin wannan ƙaura da kaina, kuma ganin sunayen mutane suna biyo ni ɗaya bayan ɗaya ba tare da na roƙi kowa ba ya fahimtar da ni abin da dogon bayani bai fahimtar da ni ba. Tsofaffin rubuce-rubucena dai ba su biyo ni ba, kuma wannan giɓi ne na gaske da har yanzu yake buƙatar gyara.

Bluesky, wani dandalin sada zumunta mai kama da Twitter, ta bi wata hanyar. Ta fara ne a cikin Twitter kanta a ƙarshen 2019 lokacin da Jack Dorsey, shugaban Twitter na wancan lokacin, ya ba da sanarwar aikin, ta zama kamfani mai zaman kansa a 2021 ƙarƙashin jagorancin Jay Graber, ta ƙirƙiro tata ƙa'idar mai suna AT, sannan ta buɗe ƙofa ga kowa a watan Fabrairun 2024. Abubuwa biyu nata sun burge ni. Na farko, mutum ko hukuma na iya mayar da adireshin shafinsu na yanar gizo ya zama sunansu a dandalin, ta yadda jarida ba ta buƙatar wani kamfani ya ba ta alamar tabbaci, sunan shafinta ya isa shaida. Na biyu, lissafin da ke zaɓa wa mutum abin da zai karanta ba guda ɗaya ba ne da aka ɗora wa kowa: duk mai iyawa zai rubuta nasa, na labaran kimiyya ko na masu magana da wani harshe ko na abokai kaɗai, mai karatu ya ɗauki wanda ya ga dama ya ajiye wanda ya gundure shi. Wanda ya san yadda lissafin manyan kamfanoni yake fifita abin da ke tayar da hankali, saboda shi ke riƙe ido a kan allo har talla ta wuce, zai gane girman wannan sauyi.

Jama'a kuma sun nuna suna neman mafita duk lokacin da aka matsa musu. Rochko ya bayyana cewa masu amfani da Mastodon a wata sun tashi daga kusan dubu 300 zuwa miliyan 2.5 tsakanin Oktoba da Nuwamban 2022. Da Kotun Ƙolin Brazil ta ba da umarnin rufe X a ƙasar a ƙarshen Agustan 2024, Bluesky ta samu sababbin mutane fiye da miliyan biyu cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Nuwamba na shekarar ta haura miliyan 20. Ba zan ɓoye cewa da yawa daga masu wannan hijira sun koma inda suka fito ba bayan ƙura ta lafa, kuma waɗannan alƙaluma ƙanana ne idan aka ajiye su kusa da biliyoyin Facebook. Amma kowace igiyar ruwa takan bar wani abu a gaɓa, kuma waɗanda suka zauna su ne suke gina abubuwan da masu zuwa gaba za su tarar.

Batun ƙirƙira shi ne inda nake ganin hujjar ta fi ƙarfi, kuma tarihin Twitter da kansa ya isa misali. Alamar # da yanzu ake tara zance da ita a ko'ina wani mai amfani da dandalin ne, Chris Messina, ya ba da shawararta a watan Agustan 2007, kamfanin bai karɓe ta a hukumance ba sai daga baya. Jan allo ƙasa da yatsa don sababbin saƙonni su shigo, wanda a yau kusan kowace manhajar waya take yi, Loren Brichter ne ya ƙirƙiro shi a cikin Tweetie, manhajar waje da Twitter ta saya a 2010. Wato mafi kyawun dabarun sun fito ne daga mutanen da ba sa karɓar albashin kamfanin, a lokacin da ƙofar da masu ƙera manhaja ke bi su ɗauki bayanai take a buɗe. Da aka rufe ƙofar aka ɗora mata kuɗi mai nauyi a 2023, masu bincike a jami'o'i da ƙananan masu ƙirƙira suka watse. Reddit, babban dandalin zaurukan tattaunawa, ta bi sahu a shekarar, manhajar Apollo ta waje da ɗimbin mutane suke ƙaunar shiga Reddit da ita ta rufe a ƙarshen Yuni saboda mai ita ba zai iya biyan sabon farashin ba, dubban zauruka suka yi yajin aiki, kamfanin bai janye ba. Matashin da ya ga haka, da wane ƙarfin zuciya zai kashe shekara biyu yana gina abu a kan filin da za a iya ƙwacewa da saƙo guda? A kan buɗaɗɗiyar ƙa'ida ba ya neman izinin kowa, kuma babu mai kore shi.

Akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Suka ta farko ita ce wahalar shiga: sabon zuwa ana tambayarsa ya zaɓi gida tun bai san bambancin gidajen ba, da yawa kuma a nan suke juyawa. Wannan gaskiya ne, ko da yake matsala ce ta tsara manhaja wadda ake ta sauƙaƙawa, kuma ba na ganin ta kai a tsaya a kanta.

Wadda ta cancanci a tsaya a kanta ita ce ta tace miyagun abubuwa. Idan babu shugaba guda, wa zai cire ƙarya da cin zarafi da tunzura jama'a? A watan Yulin 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun ba da rahoton samun hotunan cin zarafin yara a wasu gidajen Mastodon, suka nuna cewa ƙananan gidaje ba su da kayan aikin gano irin wannan ƙazanta da manyan kamfanoni suke da su. Wannan abu ne mai tayar da hankali, kuma duk mai goyon bayan buɗaɗɗen tsari da ya kawar da kai daga gare shi bai yi wa tsarin adalci ba. Yawancin masu kula da gidajen nan 'yan sa-kai ne, suna karanta ƙorafi da daddare bayan sun tashi daga aikinsu, suna biyan kuɗin uwar garke daga aljihunsu ko daga gudummawar 'yan gida, kuma idan ɗayansu ya gaji ya rufe gidan ba tare da sanarwa ba, mutanensa na iya rasa komai. Ya kamata kuma kowa ya sani cewa saƙon sirri a Mastodon ba a kulle yake daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba, mai kula da gidan zai iya ganinsa idan ya so.

Duk da haka, ban yarda cewa tacewa daga cibiya guda ta fi ba. A watan Nuwamban 2018 Facebook da kanta ta amsa cewa ba ta yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinta a rura wutar ƙiyayya a Myanmar, inda aka yi wa 'yan Rohingya kisan gilla aka kori dubban ɗaruruwansu, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin ma'aikatan da suka san harshen ƙasar. Kamfani guda ba zai taɓa fahimtar habaici da zambo da kalmomin ɓoye na dubban harsuna ba, kuma hankalinsa kullum yana wurin kasuwar da ta fi kawo masa kuɗin talla. Gidan da mutum dubu suke ciki, wanda mai kula da shi yake jin harshensu ya san rigingimunsu, ya fi kusa da gane lokacin da wasa ya zama barazana. Tsarin kuma yana da nasa makamin: a 2019 da dandalin Gab, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kalaman ƙiyayya, ya koma amfani da manhajar Mastodon, gidaje masu yawa sun yanke hulɗa da shi, ya zauna kusan shi kaɗai. Ba a hana shi magana ba, amma ba a tilasta wa kowa saurarensa ba. Abin da ya rage shi ne a samar wa ƙananan gidaje kayan aiki na haɗin gwiwa da kuɗin gudanar da su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Fargabata mafi girma tana wani wurin, wato kada manya su shigo da fara'a su haɗiye tsarin. An taɓa yin haka. A 2005 Google ta gina Google Talk a kan buɗaɗɗiyar ƙa'idar hira ta XMPP, daga baya ta bar masu amfani da ita suna hira da mutanen wasu gidaje, sai a 2013 ta koma Hangouts ta yanke wannan hulɗa, waɗanda suke waje suka wayi gari abokansu sun ɓace musu. A shekarar ce kuma ta rufe Google Reader, abin da ya raunana al'adar karanta shafuka ta hanyar RSS, buɗaɗɗiyar ƙa'idar da ke tara wa mutum sababbin rubuce-rubucen shafukan da ya zaɓa a wuri ɗaya. Don haka da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta fitar da Threads, kishiyar Twitter, a watan Yulin 2023, ta tara mutum miliyan 100 cikin kwana biyar, sannan a 2024 ta fara haɗa shi da ActivityPub, masu kula da gidaje da dama sun toshe ta tun kafin ta iso. Na fahimci tsoronsu, amma ra'ayina ya ɗan bambanta. Idan mai asusun Threads zai iya ganin cewa akwai rayuwa a wajen katangar, wannan riba ce. Sharaɗin kawai shi ne kada ƙananan gidaje su bari yawan mutanensu da rubuta ƙa'idar su koma hannun Meta. Ita ma Bluesky ba ta tsira daga wannan tuhuma ba, domin mafi yawan masu amfani da ita suna zaune ne a kan kwamfutocin kamfanin, kuma kamfanin ya karɓi kuɗin masu zuba jari waɗanda wata rana za su nemi riba. Alƙawarin cewa ana iya fita ba ya zama gaskiya sai an ga wasu gidajen da za a iya komawa suna tsaye da ƙafafunsu.

Saboda haka ba na ganin ya dace a bar wannan aiki ga 'yan sa-kai kaɗai. Hukumomin gwamnati da jami'o'i da gidajen jarida suna da shafukansu na yanar gizo da adireshin imel nasu, babu dalilin da zai sa sanarwarsu ga jama'a ta dogara da dandalin da zai iya ɓoye ta ko ya nemi mai karatu ya yi rajista kafin ya gani. Gwamnatin tarayyar Jamus da gwamnatin Holan da Hukumar Tarayyar Turai duk sun buɗe nasu gidajen Mastodon, kuma kuɗin da hakan ke ci kaɗan ne a kasafin irin waɗannan hukumomi. Ranar 4 ga Oktoban 2021, kuskure guda a cikin na'urorin Facebook ya ɗauke Facebook da WhatsApp da Instagram tare na kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Hukumar da ke da alhakin gargaɗin ambaliya ko annoba ba ta da hujjar rataya muryarta a ƙusa guda bayan ta ga wannan.

Doka ma tana da rawar takawa, kuma akwai abin koyi. A ƙasashe da yawa an wajabta wa kamfanonin waya su bar mutum ya koma wani kamfanin da lambarsa, kuma wannan ƙaramar doka ta tilasta musu yin gasa da ingancin aiki maimakon dogaro da tsoron rasa lamba. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai, wadda ta fara ɗaure manyan kamfanoni a watan Maris na 2024, ta wajabta wa WhatsApp da Messenger su buɗe hanya ga wasu manhajojin saƙo. Ina ganin ya kamata a faɗaɗa wannan ya kai ga kafofin sada zumunta: duk dandalin da ya kai wani girma a wajabta masa ya yi magana da buɗaɗɗiyar ƙa'ida, ya kuma bar mai tafiya ya tafi da jerin mabiyansa ta yadda za su ci gaba da ganinsa daga inda suke. Kamfanonin za su ce hakan zai jefa sirrin mutane cikin haɗari, kuma akwai tambayoyin fasaha na gaskiya a nan da dole a warware su da kulawa, sai dai bayanan mutum har miliyan 87 da suka faɗa hannun Cambridge Analytica, kamfanin ba 'yan siyasa shawarar yaƙin neman zaɓe, daga cikin katangar Facebook suka fita.

Mu masu amfani kuma akwai namu. Gidan da ba ya sayar da hankalinmu ga masu talla dole wani ya biya kuɗin wutarsa da ajiyarsa da lokacin mai kula da shi, kuma idan 'yan gidan ba su biya ba, ko dai ya rufe ko ya koma irin abin da aka gudo daga gare shi. Ni ina ba da gudummawa kowane wata ga gidan da nake, ina ajiye kwafin jerin waɗanda nake bi, kuma duk rubutun da nake so ya daɗe ina fara sa shi a shafin da adireshinsa nawa ne kafin in kai shi ko'ina. Ban rufe asusuna na manyan dandali ba, domin akwai 'yan'uwa da abokan aiki da a can kaɗai nake samunsu, amma a saman kowanne na rubuta ɗayan adireshin nawa, kuma duk wanda ya tambaye ni yadda ake buɗe irinsa ina zama in nuna masa.